Inda Ƙamshi Ya Tsaya

A jikin kwalbar Ambre Sultan babu hoton mace, babu na namiji. Siririyar kwalba ce mai kusurwa huɗu, mai cin mililita 50, ruwan cikinta kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Sunan turaren ne kawai a jiki, sai na mai gidan, Serge Lutens. Ko a kwali ba a faɗi wanda aka yi wa shi ba. Da gangan aka yi wannan shirun. A Turai yana cikin abubuwan da suka raba ƙananan gidajen turare, waɗanda ake kira "nish", da manyan kamfanonin da ke tsaga shago gida biyu, furanni da zaƙi a ɓangaren mata, itace da lemo a ɓangaren maza.

Waccan tsagar ba ta da tsohon tarihi. Ruwan Cologne da Farina ya fara haɗawa a 1709 maza da mata suka riƙa shafa shi. Jicky na gidan Guerlain, wanda ya fito a 1889, ya sami masoya a ɓangarorin biyu. 'Yan talla ne a ƙarni na 20 suka kafa katangar, har ta kai lokacin da Calvin Klein ya fitar da CK One a 1994 ya ce na kowa ne, aka yi ta surutu kamar an gano sabuwar ƙasa.

Bahaushe kuwa bai ga abin surutu a nan ba. Dattijon da zai tafi masallacin Juma'a da turaren wardi a gemu bai taɓa tunanin fure na mata ne ba. Almiski da sandal da udu suna nan a ɗakin maigida da na uwargida. Bintu Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920, wanda kuma aka daɗe ana ɗura shi a Kano, hoton budurwa ne a takardarsa, amma hakan bai hana malamai da fatake da angwaye ɗiga shi a riga ba. Idan maganar kayan haɗi ce, turare a ƙasar Hausa bai taɓa zama namiji ko mace ba. Bambancin yana wani wuri, kuma sai wata lauya a Kaduna ta yi wata takwas tana amfani da kwalba ɗaya da mijinta sannan ta ga wurin sarai.

Yayarta ce ta kawo mata shi daga Faris a farkon hunturu. Feshin farko bai yi mata daɗi ba. Ta yi tsammanin zaƙi, tunda sunan ya ambaci ambar da sarauta, sai ga wani ɗaci mai kaifi ya bugi hancinta, irin wanda ake ji a rumfar 'yar mai ganye, inda tazargade da busasshiyar ɗoɗɗoya suka kwana a buhu ɗaya. Ganyayyakin girki ne na ƙasashen gaɓar Bahar Rum, oregano da ganyen bay da 'ya'yan koriyanda, aka jibga su a saman turaren ba tare da an tausasa su ba. Wannan ɗacin yakan yi kamar minti ashirin. Wanda ya gwada a shago ya juya ya tafi, da shi zai tafi, kuma zai rantse magani aka fesa masa.

Bayan nan ne ƙasan ke tasowa. Ɗacin ba ya gushewa gaba ɗaya, ja da baya yake yi, sai wani ɗumi mai kauri ya maye gurbinsa: ƙamshin ƙaro da ya sha rana, da ɗan gishiri-gishiri kamar na fatar mutum mai tsabta bayan tafiya, da wani duhu kamar na cikin tsohon akwatin katako. Zaƙin sai can wajen azahar yake bayyana, shi ma bai kai na alewa ba. Da magariba abin da ya rage a wuyan hannunta laushi ne kawai, sai an kai hanci kusa. A jikin mayafi kuwa yakan kwana uku, har ya shiga sauran tufafin da ke kusa da shi a durowa.

Kalmar "ambar" da ke cikin sunan tana rikita mutane, domin abubuwa uku ne ke amsa ta. Akwai daskararren ƙaron itatuwa na miliyoyin shekaru, wanda ake yin carbi da tsakiya da shi, shi kusan ba shi da ƙamshi. Akwai ambar na teku, wanda ke fitowa daga cikin wani nau'in kifin whale, ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa kafin a tsince shi a gaɓa, shi ne wanda littattafan Larabawa ke yabo. Na ukun, wanda shi ne a cikin wannan kwalba, haɗi ne da masu turare suka ƙirƙira. Ginshiƙinsa labdanum, wani baƙin danƙo da ke tsatsowa daga ganyen wani ɗan itace a tsaunukan Sifen da tsibirin Kirit. A da can, daga gemun awakin da suka yi kiwo cikin itatuwan ake tsefe shi. Sai a haɗa shi da banila, wadda sinadarinta ya yi arha tun da aka iya ƙera shi a Jamus a 1874, sannan a zuba jawul.

Jawul ɗin ne mahaifiyarta ta kama tun kafin a ce komai. Tsohuwar ta yi zaman aure na shekaru a Maiduguri, a wurin maƙwabtanta Shuwa ta koyi jiƙa humra da dafa turaren wuta, kuma har yau ba ta yarda da turaren da ba ta san hannun da ya haɗa shi ba. Ta kama gefen mayafin 'yarta ta sunsuna, ta yi jim.

"Wannan ai jawul ne aka sa wa rigar Turawa," in ji ta. "Nawa aka sayar muku?"

"Kyauta ce, Hajiya. Yaya ce ta kawo."

"To, Allah ya sa albarka. Amma bai ga wuta ba."

Hancin tsohuwar bai yi kuskure ba. Jawul ƙaro ne da ake tsagowa daga wasu itatuwa a Sumatra da Laos. Larabawa suka kira shi lubban jawi, wato lubban na Jawa, kuma daga wannan sunan ne Turawa suka sami kalmarsu ta benzoin. Ya ratso teku da Sahara ya shiga kaskon matan Barno da na Hausa tun kafin a haifi wanda ya haɗa Ambre Sultan. Maganarta ta ƙarshe ma tana da tushe. A wurinta ƙamshi na gaskiya shi ne wanda ya bi ta garwashi, aka kifa kabbasa a kansa, tufafi suka sha hayaƙi har ya ratsa zare. Harshen ma yana bayanta: turare da turarawa 'yan gida ɗaya ne, kamar yadda kalmar Turawa ta perfume ta samo asali daga Latin mai nufin "ta cikin hayaƙi". Abin da aka narka a sinadarin alkol aka fesa, a ganinta, a saman mutum yake zama kamar baƙo.

Mai gidan turaren ma ba daga nesa ya samo tunanin ba. An haifi Serge Lutens a birnin Lille a 1942, ya fara da gyaran gashi, ya yi wa Dior aikin kayan kwalliya, sannan ya koma kamfanin Shiseido na Japan a 1980. A 1968 ya fara zuwa Marrakesh, garin ya kama shi har ya sayi gida a tsohon birnin. Labarin da gidan ke bayarwa shi ne wani ɗan curin ambar na kasuwa ya saya a can, ya jefa a akwatin katako ya manta, bayan shekaru ya buɗe ya tarar ƙamshin ya auri na katakon. Christopher Sheldrake, masanin haɗa turare ɗan Ingila, shi ya mayar da wannan tunanin ruwa a 1993, shekara guda bayan buɗe shagonsu a Palais Royal a Faris. Wato ƙamshin kasuwar Maroko ne ya haura Turai, aka gyara masa zama, ya dawo kudu da Sahara da tsadar da ta haura Yuro 100. A canjin 2025 wannan ya fi ninki biyu na mafi ƙarancin albashin Naira 70,000. Wanda ya san tarihin jar fatar awakin Sakkwato, wadda aka yi ƙarnoni ana jemewa a nan, a haura da ita Sahara, Turawa su saya da sunan fatar Maroko, zai yi murmushi. Hanyar ɗaya ce, alkiblar ce ta juya.

A hunturu turaren ya fi kyau. Sanyin safiyar Kaduna a watan Janairu yana rage masa gudu, kowane mataki ya ɗauki lokacinsa, ɗumin kuma ya zama kamar bargo. Sai dai busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi, dole sai ta shafa mai marar ƙamshi kafin ta fesa. Da bazara ta kama, labari ya sauya. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke dosar digiri 40, duk abin da aka tsara ya fito a hankali sai ya fito lokaci guda, ganye da ƙaro da banila su cakuɗe da gumi, a cikin mota ya zama kamar an rufe mutum a ɗakin da ake dafa turaren wuta. Feshi biyun da suka dace da hunturu sun zama laifi a bazara.

Ita kuma ba ta ji ba. Wannan shi ne makircin hanci: idan ƙamshi ɗaya ya daɗe yana shiga, jijiyoyin sukan daina kai rahotonsa, domin su saurari sabon abu. Mai turare shi ne mutum na farko da ke daina jin turarensa, kuma shi ne ke da kwalbar a hannu.

Wata babbar lauya a ofishinsu, wadda ta girme ta da kusan shekara ashirin, ita ta tsayar da ita a bakin ƙofa bayan an watse daga wani zama.

"Ƙanwata, tun daga matakala na san kin iso."

"Allah ya sa dai bai dame ki ba, Anti."

"Ni bai dame ni ba. Yana da daɗi. Amma ba ni kaɗai ke hawa matakalar ba."

Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma ba a bukatar ƙari. Duk wadda ta zauna a makarantar Islamiyya ta san inda maganar ta dosa. Akwai ruwayar Abu Huraira a Tirmizi da Nasa'i da ta siffanta turaren maza da bayyanar ƙamshi da ɓoyuwar launi, na mata kuma da akasin haka. Akwai ruwayar Zainab matar Ibn Mas'ud a Sahihu Muslim da ta hana mace shafa turare idan za ta masallaci. Malamai tun na farko sun yi bayanin cewa wannan ya shafi fita ne, a ɗakinta kuwa ta shafa abin da ta ga dama. A kan wannan aka gina duk al'adar humra da kulacca da turaren tsuguno: ƙamshi mai nauyin da zai iya kayar da na kowane namiji, amma an yi masa katanga. Abin da aka raba tsakanin maza da mata shi ne nisan da aka yarda ƙamshi ya yi tafiya, da hancin da aka yarda ya isa.

Nan ne alkawarin "na kowa" ya gaza. A Juma'ar makon nan mijinta ya fesa sau huɗu a babbar riga ya tafi masallaci, inda turare sunna ne. Ya dawo yana ba da labarin mutum biyu da suka tambaye shi sunansa, ɗaya har ya rubuta a waya. Ruwa ɗaya, daga kwalba ɗaya, a jikinsa ya zama lada da yabo, a jikinta ya zama abin da ake jan mutum gefe a kansa. Sheldrake zai iya cire jinsi daga kayan haɗi. Ba shi da iko a kan matakalar wani ofishi a Kaduna.

Ba ta yi fushi da babbar lauyar ba, ko da yake abin ya tsaya mata a rai na kwanaki. Ba hukuncin ne ya dame ta ba, ta san shi tun tana yarinya kuma ba ta jayayya da shi. Abin da ya dame ta shi ne ba don kowa ta fesa ba. A ranakun da za ta tsaya gaban alƙali, ɗacin nan na farko yana yi mata wani abu da ta kasa yi wa mijinta bayani, kamar ɗaure ɗankwali da kyau, kamar miƙe kafaɗa. Turarukan da ake sayar wa mata galibi roƙo suke yi a so su. Wannan ba ya roƙo. Yana fara magana da abin da ba kowa zai so ba, sai wanda ya yi haƙuri ya ga taushinsa, kuma ta ga wani abu na halinta a ciki. Matsalar ƙamshi ita ce ba ya sanin niyya. Littafin da mutum ke so zai iya karanta shi shi kaɗai a cikin taro. Turare kuwa duk wanda ke numfashi a ɗakin an sa shi a ciki, ko ya so ko bai so ba, har da mai ciwon asma da mai juna biyun da ke fama da tashin zuciya, waɗanda ba ruwansu da muhawarar maza da mata. Wannan ƙorafin bai tsaya a ƙasashen Musulmi ba. A shekarun 1980, zamanin Giorgio Beverly Hills da Poison, wasu gidajen abinci a Amurka sun nemi masu irin waɗannan turaruka su bar su a gida.

Abin dariyar shi ne, a ma'aunin gida, Ambre Sultan bai cika ƙarfi ba. Ta sa shi zuwa wani biki, aka shiga zaure cike da mata da suka sha humra da turarukan Dubai, sai ya ɓace kamar an ɗiga ruwa a kogi. Kusa da Khamrah na kamfanin Lattafa, wanda ya cika kasuwanni tun fitowarsa a 2022 da zaƙinsa na dabino da kirfa, shi mai magana ƙasa-ƙasa ne. Ƙarfin halinsa yana cikin ɗacin, da ƙin yin zaƙi da wuri. A ofis mai na'urar sanyaya ɗaki da rufaffun tagogi ne kawai yake zama babban baƙo, kuma saboda bai yi kama da abin da aka saba ji ba, hanci ya fi saurin lura da shi. Da humrar gida ta shafa daidai wannan nauyin, mai yiwuwa babu wanda zai ce uffan. Akwai 'yar rashin gaskiya a nan da ta cancanci a faɗa: ofisoshin Arewa cike suke da matan da mayafinsu ya kwana a kan kabbasa, kuma ba kowa ake tarewa a bakin ƙofa ba. Baƙon ƙamshi ake tuhuma, na gida yakan wuce da sallama.

Kalmar "nish" ita ma kada a ba ta girman da ya fi nata. Da farko tana nufin ƙananan gidaje irin su Diptyque da L'Artisan Parfumeur, wanda Jean Laporte ya kafa a 1976, masu haɗa abin da suke so ba tare da tambayar kasuwa ba. Yau da yawa daga cikinsu na hannun manya. Estée Lauder ya sayi Le Labo da Frédéric Malle, Puig ya sayi Byredo a 2022, Kering ya sayi Creed a 2023, sunan Serge Lutens kansa mallakar Shiseido ne. Abin da kuɗin ke saya, idan ana maganar wannan kwalba, tsarin lokaci ne: yadda aka jera abubuwa masu saurin tashi a kan masu nauyi, har turaren ya zama yana da safiya da rana da dare. Humra mai kyau ta fi shi zurfi, ta fi shi daɗewa, amma yadda ta fara haka take ƙarewa. Wani abin da kuɗin ke saya kuma suna ne. Tun da Frédéric Malle ya fara buga sunan mai haɗi a jikin kwalba a 2000, masu sha'awa suke bin masu haɗa turare kamar yadda ake bin marubuta. Matan Maiduguri da suka san kwana nawa farce zai yi a jiƙe kafin ƙarninsa ya koma ƙamshi, da yadda ake soya shi, da lokacin da kajiji zai shiga, ilminsu bai gaza na Sheldrake ba a fagensu. Kwalabensu dai ba sa ɗauke da sunan kowa, sai lambar waya.

Da damina ta sauka ta riga ta sami wani tsari, ko da yake bai gamsar da ita ba. Ranakun aiki feshi ɗaya, a fata, can ƙarƙashin tufafi, minti talatin kafin ta fita, yadda ɗacin zai ƙare a ɗakinta, abin da zai bi ta waje kuma ba zai wuce tsawon hannu ba. Wato ɓangaren da ta fi so shi ne wanda take barin sa a gida. Ranakun da ta san za ta shiga cunkoso ba ta sawa sam. Da dare, bayan an yi ruwa an buɗe tagogi, takan fesa yadda take so, kuma ta lura danshin iska yana fito da gefen katakon da ba ta taɓa ji ba a hunturu. Kwalbar ta kusa ƙarewa, kashi biyu cikin uku a rigunan maigida suka tafi.

Mahaifiyarta ce ta ƙi barin maganar. Ta karɓi mayafin nan ta kai wa matar da ke haɗa mata humra, wata 'yar Barno da ke zaune a Unguwar Rimi, ta ce ta gwada. Bayan mako shida aka aiko da 'yar kwalba. Jawul ɗin ya fito, sandal ya fito, ɗumin ma ya kusa, har ya fi na asalin kauri. Ɗacin farkon ne babu. Da aka tambaye ta, matar ta ce ta ji shi sarai, ta ma san da tazargade za ta iya kusantarsa, amma da gangan ta cire.

"Hajiya," ta ce wa tsohuwar a waya, "shekara ashirin ina wannan sana'a. Ba a taɓa biyana don in sa wa amarya ɗaci ba."